Idan Yaro Ya Yi Laifi, Me Jama'a Ke So A Yi Masa?

Duk wanda ya saba cin kasuwar ƙauye ya san yadda abin yake faruwa. Ana tsakiyar ciniki, wajen azahar, sai a ji an kwarma ihu daga layin 'yan awaki ko na masu hatsi: "Ɓarawo! Ɓarawo!" Kafin a ce kwabo mutane sun yi caa. Wanda aka cafke yaro ne, bai fi shekara 14 ba, da kaza cikin riga ko wayar wani a aljihu. Wannan ya kai mari, wancan ya kai naushi, mai sanda yana neman inda zai kutsa. Da yawa daga masu dukan ba su san abin da aka sata ba, balle mai shi. Ana cikin haka sai wani dattijo ya leƙa, ya ce, "Kai, ku dakata! Wannan ai jikan Liman ne, wanda ubansa ya rasu bara." Nan take jikin kowa ya yi sanyi. Wanda ɗazu yake cewa a karya masa hannu, shi ne yanzu zai ce, "To, a kai shi wurin Mai Unguwa, a kira baffansa."

Yaron nan shi ne dai na ɗazu, kazar ma ita ce. Abin da ya sauya kawai shi ne jama'a sun san ko ɗan wane ne. Darasin wannan wata zai duba wannan hali na jama'a game da hukuncin yara masu laifi, da abin da Shari'a da dokar ƙasa suka tanada, da kuma abin da ya kamata magidanci ya sani tun abin bai zo ƙofar gidansa ba. Domin kuwa wanda yau yake cikin masu duka, gobe yana iya zama wanda za a aiko wa ya zo caji ofis.

Yaran Da Aka Kai Abuja

Abin da ke faruwa a kasuwar ƙauye ya taɓa faruwa a idon ƙasa baki ɗaya. Ran 1 ga watan Agusta na 2024 aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a garuruwa da dama na Nijeriya. A Kano da Kaduna abin ya rikiɗe ya zama tarzoma. An fasa shaguna da ɗakunan ajiyar kaya. A Kano an wawashe wata cibiyar koyar da aikin kwamfuta ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda ko bikin buɗe ta ba a yi ba, aka kuma yi ɓarna a babbar kotun jihar. Gwamnati ta sa dokar hana fita. An ga samari da yara suna yawo da tutar Rasha. A waɗannan kwanaki, maganar da ta fi yawa a majalisu da tashoshin mota ita ce, 'yan daba ne suka shiga rigar zanga-zanga, a kama su, a nuna musu akwai hukuma.

'Yan sanda sun kama ɗaruruwan mutane, aka kwashi waɗansu zuwa Abuja. Daga nan sai shiru har kusan wata uku. Ban da iyayensu, ba kowa ne yake tambayar inda suke ba.

Ran 1 ga watan Nuwamba aka gurfanar da mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya ta Abuja. Kimanin 30 daga cikinsu yara ne 'yan shekara 14 zuwa 17. Cikin laifuffukan da aka tuhume su da su har da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa yake iya kaiwa ga kisa. Tun ba a gama karanta tuhuma ba huɗu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Masu ɗaukar hoto suna wurin. Kafin magariba hotunan sun zagaye ƙasa ta wayoyin jama'a: yara ramammu, haƙarƙari a waje, tufafi duk dauɗa, suna wawar biskit ɗin da aka miƙa musu. Alƙali ya ba da belin kowannensu a kan naira miliyan 10, tare da masu tsaya masa, kuɗin da iyayen yawancinsu ko a mafarki ba su taɓa riƙewa ba.

Shugaban 'yan sanda na ƙasa ya ce faɗuwar shiri ce. Kakakin rundunar kuma ya ce duk wanda ya wuce shekara 7 doka ta yarda a kai shi kotu. Jama'a ba su saurari wannan ba. Malamai da lauyoyi da 'yan siyasa da talakawa, har da waɗanda a watan Agusta suke cewa a hukunta, duk suka ce a saki yaran. Ran 4 ga wata Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Kashegari kotu ta kori ƙarar, aka sallami mutum 119, manya da yara, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna.

An yi murna, kuma ta cancanta. Amma akwai abu biyu da murnar ta rufe. Na farko, har aka gama ba wata kotu da ta tantance wane ne ya fasa shago, wane ne kuma aka tsinta a hanya yana kallo. Mai laifi da marar laifi sun sha wahala ɗaya, sun fita rana ɗaya, mai shagon da aka wawashe kuwa wannan shari'a ba ta mayar masa da ko sisi ba. Na biyu, abin da ya ceci yaran nan shi ne an ga fuskokinsu. Yaron da aka tsare a wani gidan yari na ƙaramar hukuma saboda buhun masara, ba mai ɗaukar hotonsa, ba kuma dattijon da zai leƙa ya ce jikan wane ne.

Yadda Ta Kasance A Ingila

Da yake yawancin dokokin shari'ar yara na ƙasar nan daga Ingila aka gado su, yana da kyau a ga yadda mutanen can suka yi da tasu matsalar. A watan Fabrairu na 1993, a wani gari da ke gefen birnin Libaful, yara biyu 'yan shekara 10 suka ja wani ɗan shekara 2 mai suna James Bulger daga kasuwa, sa'ad da hankalin uwarsa ya ɗauku, suka kai shi bakin hanyar jirgin ƙasa suka kashe shi. Ƙasar ta girgiza. Ranar da aka kai su kotu mutane suka yi dafifi suna jifan motocin 'yan sanda. An yi musu shari'a a kotun manya, a bainar jama'a. Alƙali ya ba da shawarar a tsare su aƙalla shekara 8. Jama'a suka ce ya yi kaɗan, sama da mutum 270,000 suka sa hannu a takardar koke cewa kada a sake su har abada. Ministan cikin gida na lokacin, Michael Howard, ya mai da wa'adin shekara 15. A 1997 kotu mafi girma ta ƙasar ta soke wannan ƙari, ta ce ba daidai ba ne a auna hukuncin yaro da yawan masu koke. An saki yaran a 2001 bayan an sauya musu suna. Ɗaya ya sake komawa kurkuku har sau biyu saboda waɗansu laifuffuka. Ɗayan ba a sake jin ya yi laifi ba.

Shekaru bayan haka waɗansu malaman jami'a biyu, Mike Hough da Julian Roberts, suka bincika ra'ayin mutanen Ingila game da yara masu laifi, aka buga sakamakon a 2004. Da aka yi tambayar a dunƙule, mafi yawan mutane sun ce laifin yara ƙaruwa yake yi, kotuna kuma suna yi musu sakwa-sakwa, alhali alƙaluman hukuma na lokacin ba su nuna ƙaruwar da suke zato ba. Amma da aka kawo musu labarin yaro guda, aka faɗi shekarunsa da halin da yake ciki, aka ce ya nemi gafarar wanda ya cuta, ya kuma amince zai biya, sai masu cewa a ɗaure shi suka ragu ƙwarai.

Malamin aji yana iya gwada wannan da ɗalibansa kafin a ci gaba da karatu. Ya fara tambaya, "Me ya kamata a yi wa yaran nan ɓarayin awaki?" Ya rubuta amsoshin a allo. Sa'an nan ya ce, "Ga maraya ɗan shekara 13, a hannun kakarsa yake, wani babba ne ya ba shi naira 2,000 ya kwanto masa akuya, karonsa na farko ke nan. Me za a yi masa?" A kwatanta amsoshin biyu.

Abin Da Shari'a Da Doka Suka Ce

Mutane da yawa suna zaton sassauta wa yaro baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Ba haka ba ne. A wurin malaman Malikiyya, yaron da bai balaga ba ba a tsai da haddi a kansa, ba a kuma yi masa ƙisasi. Idan ya yi sata ba a yanke masa hannu, sai dai a ladabtar da shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Ko rai ya kashe, hukuncin kisan kuskure ake bi, watau diyya a kan dangin ubansa. Amma fa haƙƙin wanda aka cuta bai faɗi ba. Dukiyar da yaro ya ɓata sai an biya. Ana gane balaga da alamominta da aka sani, in kuwa ba su bayyana ba, mashahurin zance a mazhabar shi ne cikar shekara 18. Hausawa ma sun riƙe wannan a bakinsu, shi ya sa akan ce da saurayi, "Ka yi hankali, alƙalami ya hau kanka."

Dokar Final Kod ta Arewa, wadda aka fara aiki da ita a 1960, ta faɗa a sashe na 50 cewa abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne. Daga 7 zuwa ƙasa da 12 kuwa, sai an tabbata yana da wayon gane abin da ya yi da abin da zai haifar. Wannan iyaka ta shekara 7 ce kakakin 'yan sanda ya dogara da ita a 2024. Shekara 7 tana cikin mafi ƙanƙanta a duniya, domin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin yara ya ba ƙasashe shawara a 2019 kada su sauko ƙasa da shekara 14. Tun a 1958 kuma Jihar Arewa take da dokar yara da matasa, wadda ta ce a yi wa yaro shari'a a kotun yara, daban da ta manya, ba a gaban 'yan kallo ba, ko da yake ta yarda alƙali ya sa a yi masa bulala.

A 2003 Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara. A wurin wannan doka, duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Kotun iyali ce take sauraron ƙararsa. Ba a buga sunansa ko hotonsa. Da zarar an kama shi sai a sanar da iyayensa, ba a kuma tsare shi kafin shari'a sai in babu wata hanya, shi ma na ɗan lokaci kaɗan. Sashe na 221 ya hana kotu ta tura yaro kurkuku, ko ta sa a yi masa bulala, ko ta yanke masa hukuncin kisa. Wannan doka kai tsaye a Abuja take aiki, watau a garin da aka gurfanar da yaran zanga-zanga a kotun manya, gaban masu ɗaukar hoto. Kowace jiha sai ta yi tata. Jihohin Arewa sun daɗe suna jan ƙafa, musamman saboda saɓani kan shekarun aure da kuma bambancin balaga da cikar shekara 18. Kaduna ta yi tata a 2018, Kano a 2023. Akwai 'yan bambance-bambance tsakanin ta wannan jiha da ta waccan, saboda haka ya kamata mai karatu ya tambayi yadda ta jiharsa take.

Masu Cewa A Tsananta Suna Da Hujjarsu

Ba za a yi adalci ba idan aka ɗauki duk mai neman a tsananta a matsayin marar tausayi. Mutumin Kano da aka soka wa ɗan'uwa wuƙa saboda waya, ko na Bauchi da ya san sara-suka, ko na Gombe da ya ga zamanin 'yan Kalare, ya san cewa wuƙar ɗan shekara 16 tana kisa kamar ta ɗan shekara 40. A karkara ma haka ne. Tsohuwar da akuya ɗaya ce bankinta, manomin rani da aka ɗauke wa injin ban ruwa ana tsakiyar yabanya, garin da aka kwance wa farantan sola na rijiyar burtsatse, duk ba a ce da su "ai yaro ne" su ji sanyi. Kukan da aka fi ji a bakinsu shi ne, an kama shi da safe, da yamma ya dawo yana yi wa mutane kallon banza. Yawancin dukan da ake yi a kasuwa daga nan ya samo asali. Mutanen da suka fid da rai hukuma za ta bi musu haƙƙi, su ne suke karɓar hukunci a hannunsu.

Sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Yaro ɗan shekara 14 ba shi da gonar da zai kafa injin ban ruwa. Akwai babban da ya aike shi, akwai mai sayen kayan sata da rabin kuɗi, akwai mai sayar masa da ƙwaya da sholisho, akwai ɗan siyasar da ke ba shi na kashewa lokacin zaɓe. Waɗannan su ne ba a taɓa ganin an zagaye su a kasuwa ba.

Tambayar da ta rage ita ce ko tsananin hukunci yana hana yaro sake laifi. Hausawa sukan ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A Amurka an taɓa gwada wannan magana a aikace. Tun daga 1976, a kurkukun Rahway da ke jihar New Jersey, akan kai kangararrun yara su wuni da fursunoni masu ɗaurin rai da rai, waɗanda za su yi musu tsawa, su faɗa musu irin azabar da ke jiransu. An yi fim a kan shirin a 1978, jama'a suka yaba, jihohi da yawa suka kwaikwaya. Da masana suka tattara gwaji 9 da aka yi a kan irin wannan shiri, suka kwatanta yaran da aka kai da waɗanda ba a kai ba, sai aka ga waɗanda aka kai su ne suka fi komawa ga laifi. Shiri ne da ya gamsar da manya, bai gyara yara ba.

Abin da binciken masana ya fi tabbatarwa shi ne, sanin cewa lalle za a kama mutum ya fi tsananin hukunci hana laifi. Yaro ba ya lissafin shekarun ɗauri sa'ad da yake tsallaka katanga, abin da yake dubawa shi ne ko akwai mai ganinsa, da kuma abin da abokansa za su ce in ya ji tsoro. Likitoci sun gano cewa sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki, da auna abin da zai biyo baya, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Shi ya sa a ƙasashe da dama aka ga laifi ya fi yawa a shekarun samartaka, sa'an nan mafi yawan masu yinsa su bari da kansu idan sun girma, sun sami sana'a, sun yi iyali. Duk wani gari yana da dattawan kirki waɗanda tsofaffi suka san irin ƙiriniyar da suka yi. Abin da ke hana yaro wannan dawowa shi ne a jefa shi ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun ɓarayi na wata da watanni. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ya shiga da satar kaza, ya fito ya san mai sayen babur ɗin sata, ga kuma sunan ɗan fursuna da zai hana kowane mai gida ɗaukarsa koyon sana'a.

Ina Za A Kai Shi?

A nan ne doka ta yi gaba, aiki ya tsaya a baya. Gidan horon matasa da ake kira Bostal, wanda sunansa ya samo asali daga wani ƙauye a Ingila inda aka fara irinsa a 1902, an buɗe na farko a Kaduna a 1962, domin 'yan shekara 16 zuwa 21 su yi karatu su koyi sana'a. Shekaru da dama guda uku ne kacal a duk faɗin ƙasa, watau na Kaduna da na Ilori da na Abekuta. Jihohi suna da gidajen ajiyar yara, kamar na Goron Dutse a Kano, amma yawanci a babban birni suke. Alƙalin da ke ƙaramar hukuma mai nisa, in ba motar kai yaro can, gidan yarin da ke kusa shi ne abin da ke gabansa.

Iyayen da ɗa ya gagara kuwa, da yawa gidan mari suka sani. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani irin wannan gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka sami irinsa a Daura da Katsina da waɗansu garuruwa. Abin lura shi ne ba sato su aka yi ba. Iyaye da 'yan'uwa ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi, yawanci saboda shaye-shaye ko ɗauke-ɗauke. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sun nemi magani ne a inda suka ji ana bayarwa. Amma icen da ake cewa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in an matsa masa fiye da kima karyewa yake yi. An rufe gidaje da yawa a wancan lokaci, matsalar da ta sa ake kai yara can kuwa tana nan.

Sulhun Da Ke Da Haƙori

Hanyar da ta fi kusa da mutanen karkara ita ce wadda suka gada, watau zaman sulhu a zauren Mai Unguwa ko Dagaci. Dokar 2003 ma ta ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara ikon kashe ƙananan laifuffukan yara ta hanyar sasantawa, da biyan wanda aka cuta, da sa ido kan yaron, ba sai an je kotu ba. A ƙasar Niyu Zilan tun 1989 aka mai da irin wannan zama na dangi ya zama doka, bayan an duba yadda 'yan asalin ƙasar, Mawori, suke warware rigingimunsu.

Amma sulhu iri biyu ne. Akwai na "a yi haƙuri, a bar wa Allah," wanda ake tashi mai akuya ba akuya, yaro bai ji a jikinsa ba. Irin wannan shi ne yake haifar da dukan kasuwa. Sulhun da ke aiki shi ne wanda mai kaya yake zaune, ya faɗi asarar da ya yi a gaban yaron, yaron ya amsa da bakinsa, ba ubansa ya amsa masa ba. A yanka abin da za a biya da ranar biya. In da hali yaron ya biya da guminsa, ko noma ne ko ɗiban ruwa ko aikin ƙwadago, domin kuɗin da uba ya zaro daga aljihu ba ya koya wa ɗa komai. A tambaye shi wa ya aike shi, wa ya saya, a kuma bi wannan babban har gaban hukuma. A damƙa shi a hannun mutum guda da yake jin nauyinsa, baffa ko kawu ko malami ko mai gidan sana'a, wanda zai dawo da shi gaban Mai Unguwa bayan wata ɗaya ko biyu a ji inda aka kwana. Wanda ya iya rubutu a cikin zaman ya rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.

Kisa da fyaɗe da fashi da makami ba na zaure ba ne, ko da yaro ne ya aikata. Waɗannan sai hukuma. Sulhun da ake yi don a rufe bakin iyayen yarinyar da aka lalata, saboda yaron ɗan masu hali ne, zalunci ne aka sa masa rawani. Haka kuma taron da ya doki yaro har ya mutu, a wurin doka kisan kai ya yi, duk wanda aka tabbatar ya sa hannu zai amsa tuhuma, ko da yaron da gaske ya yi satar.

Idan An Kama Ɗan Mutum

Uba ko mariƙi ya tafi caji ofis nan da nan, tare da wani dattijo, kada ya ce fushi yake yi, a bar yaron ya ɗanɗana. Kwanakin farko su ne ake rubuta bayanin da zai bi yaron har kotu. Ya nemi kada a ɗauki bayanin ɗansa sai yana wurin ko akwai lauya, kada kuma a haɗa shi ɗaki da manya. Beli a wurin 'yan sanda kyauta ne bisa doka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, saboda haka ba a tsare uba ko uwa don ɗa ya gudu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Tallafin Shari'a ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1976 domin ba marasa hali lauya kyauta, tana kuma da ofis a kowace jiha. Ya kuma sanar da jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, wanda aikinsa ne ya kai wa kotu rahoton halin da yaron yake ciki a gida.

Duk wannan kariya a kan abu guda ta rataya, watau shekarun yaron. Idan ba shaida, yaro mai tsawon ƙafa ɗan shekara 15 yana iya zama ɗan 19 a takardar tuhuma, daga nan sai kotun manya da kurkukun manya. Cewa "an haife shi shekarar da aka yi ambaliya" ba ta isa hujja a gaban alƙali. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce shaidar da aka fi karɓa, ana kuma yin rajistar a asibitoci da ofisoshin ƙananan hukumomi. Wanda bai yi wa 'ya'yansa ba ya je ya yi, ya adana ta tare da takardun gona da na gida. In ba ta samu ba kafin a shiga kotu, katin rigakafi na asibiti ko rajistar makarantar firamare suna taimakawa.